Waiwaye: An binciko amsar tun tuni, isowarta Sharabi ce ta yi jinkiri

A shekarar 1990, lokacin Birnin Kebbi tana cikin tsohuwar Jihar Sakkwato, an kwantar da mata 200 a babban asibitin garin saboda manyan matsalolin haihuwa, irin su doguwar naƙuda da zubar jini da jijjiga. Mata 44 daga cikinsu ba su koma gida da rai ba. A 1995 mata 152 aka kwantar da irin waɗannan matsaloli, 7 suka rasu. Mace-macen sun sauko daga kashi 22 cikin ɗari zuwa kashi 5 a shekara biyar.

Masu bincike ne daga Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da asibitin koyarwarta suka sa hannu. Sun fara da zama su duba inda mata ke salwanta, sannan suka riƙa turo ƙwararrun likitocin mata daga Sakkwato suna aiki tare da likitocin Birnin Kebbi suna koya musu, aka horar da ungozomomin asibiti su gane haɗari tun da wuri, aka tanadi magungunan gaggawa kusa da ɗakin haihuwa. Suka rubuta abin da suka gani, aka buga shi a 1997 a wata mujallar likitocin mata ta duniya.

Na ɗauko wannan tarihi ne domin mu mutanen Sharabi da Bagudo da Illo da Lolo da Tsamiya, in haihuwa ta gagari gida ta gagari ƙaramin asibiti, Birnin Kebbi ce ƙarshen tafiyarmu. Kuma da yawa cikinmu in aka ce binciken likitanci, hankalinmu Turai yake tafiya, ga wani Bature da farar riga da madubi. Alhali kuwa wani babban yanki na abin da duniya ta sani a yau game da haɗarin haihuwa, a ƙasar Hausa aka gano shi, a jikin iyayenmu da yayyenmu mata, a Zariya da Katsina da Kano da nan Kebbi.

Duk wanda ya tashi a ƙauyukanmu ya san yadda abin yake tafiya. Naƙuda ta taso wa yarinya da dare, ta danne, musamman in ɗan fari ne, don kada a ce ba ta da kunya. Sai gari ya waye tsofaffi su lura. A kira ungozoma, a karɓo rubutu, a jiƙa saiwa. Rana ta faɗi, a ce a yi haƙuri, haihuwa lokaci ce. A kwana na biyu wata ta ce gishiri ne ya tare hanya, a nemo reza. Maigida kuwa ya tsallaka cin kasuwar Malanbil, ba wanda zai iya cewa a fita da ita ba da izininsa ba. Ranar da za a nemi mota, ɗan da ke ciki ya daina motsi, uwar kuma ba ta gane wanda ke kanta. Ba na zargin tsofaffinmu da mugunta. Abin da suka gada suka yi, da zuciya ɗaya, kuma addu'ar da suke yi ba ta taɓa hana neman magani ba. Abin da ba su da shi shi ne sanin abin da ke faruwa a cikin ƙugu a waɗannan sa'o'i.

Ga abin da ke faruwa. Kan jariri ya sauko ya cije a ƙashin ƙugu, ko don ya fi ƙarfin hanyar, ko don bai juyo daidai ba. Mahaifa ba ta daina turowa. Tsakanin kan yaron da ƙashin gaba akwai mafitsara da bangon farji, sai su matse, jini ya daina isa gare su. Naman da jini ya yanke masa mutuwa yake yi, kamar yatsan da aka ɗaure tam da zare aka manta. Bayan an samu an rabu da cikin, galibi da gawar jariri, sai a yi kwana uku zuwa goma, mataccen naman ya zube ya bar ƙofa. Daga ranar fitsari ba ya tsayawa, dare da rana. Wata har da bayan gida, in hanji ne ya matsu ta baya. Wata ta tashi tana jan ƙafa, saboda jijiyar ƙafar ta matsu ita ma. Yoyon fitsari ke nan. Babu iska a ciki, babu sammun kishiya, babu alhakin kowa da ya kama ta.

Wanda ya fara sa wa wannan lamari lissafi a arewa shi ne Farfesa Kelsey Harrison, mutumin Abonnema a Jihar Ribas, wanda ya yi aiki a asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello. Daga 1976 zuwa 1979 shi da abokan aikinsa suka rubuta bayanin kowace haihuwa da aka yi a asibitin Zariya, ɗaya bayan ɗaya, har 22,774: shekarun uwar, tsawonta, haihuwa ta nawa, ta yi awo ko ba ta yi ba, ta yi makaranta ko ba ta yi ba, me ya same ta, me ya sami ɗan. An buga sakamakon a Ingila a 1985. Mata 238 suka rasu, kuma mafi yawansu nesa ba kusa ba waɗanda ba su taɓa zuwa awo ba ne, sai da abu ya ɓaci aka kawo su ranga-ranga. Asibiti ɗaya, likitoci ɗaya, wuƙa ɗaya, amma wadda aka san da cikinta tun farko ta fita da ɗanta a goye, wadda aka kawo a kwana na uku aka fita da ita a makara. Haɗarin ya fi yawa ga 'yan mata masu shekara 15 zuwa ƙasa a cikin fari, da kuma manyan mata da suka haihu da yawa. Mata masu karatu kuwa, mutuwa ta yi ƙaranci a cikinsu ƙwarai.

Akwai wani abu a binciken Zariya da har yau nake mamakin yadda bai zama zancen kowane gida ba. Sun gano cewa yarinyar da ta ɗauki ciki ba ta gama girma ba, in aka ba ta maganin zazzaɓin cizon sauro da ƙwayoyin ƙarin jini tun cikin yana ƙarami, tana ci gaba da ƙara tsawo da cikin a jikinta, kuma buƙatar yi mata aiki saboda ƙarancin ƙugu tana raguwa. Ƙwayoyin nan su ne ake ba wa mata a wurin awo, waɗanda wasu ke zubarwa a bayan ɗaki don tsoron kada ɗa ya yi girma ya ƙi fitowa. Binciken ya nuna uwar ce ke amfana da su.

A Zariyar dai, wani likita mai suna Tahzib ya bi bayanan mata 1,443 masu yoyon fitsari da aka duba daga 1969 zuwa 1980, ya buga a 1983. Kashi 83 cikin ɗari doguwar naƙuda ce ta jawo musu. Kashi 13 kuwa yankan gishiri ne. Wato cikin kowace takwas, an sami ɗaya wadda hannun mai son taimakonta ne ya huda mata mafitsara. Wannan al'ada ba ta da abin da za a kare ta da shi. Reza ba ta faɗaɗa ƙashi.

Kada a ɗauka aikin bincike shi ne neman laifin al'adunmu. A shekarun 1970 likitocin Zariya, Davidson da Parry, sun danganta ciwon zuciyar da ke kama masu jego da wankan tafasasshen ruwa da kwanciya kan gado mai wuta da yawan shan kunun kanwa. Shekaru bayan haka Farfesa Kamilu Ƙaraye na Kano ya sake duba lamarin, sai nasa binciken ya fi karkata ga talauci da rama da ƙarancin wani sinadari a jini mai suna seleniyom. Ilimin likitanci yana komawa ya duba abin da ya faɗa jiya, kuma wannan ne ya sa na yarda da shi.

Tarihin aikin yoyon fitsari kansa yana da tabon da bai kamata a ɓoye ba. Likitan da ake cewa shi ya buɗe hanyar ɗinke shi, James Marion Sims na Alabama a Amurka, a jikin bayi mata baƙaƙe ya koya, daga 1845 zuwa 1849, ba tare da kashe musu zafi ba. Sunayen uku aka adana: Anarcha da Betsey da Lucy. Anarcha sau 30 ya yi mata aiki. Baiwa ba ta da bakin cewa a'a. A 2018 hukumomin New York suka cire mutum-mutuminsa daga babban lambun birnin. A yau doka ce, duk binciken da za a yi da mace sai an yi mata bayani da harshen da take ji, ta yarda da kanta, kuma tana da ikon fasawa ba tare da an hana ta magani ba. Matanmu su san wannan haƙƙi nasu ne. Sannan ga wani haƙƙin da ba a rubuta a takardar sa hannu ba: al'ummar da aka koyi ilimi a jikin 'ya'yanta ta cancanci ilimin ya dawo mata.

A Afirka, Dokta Reginald Hamlin da matarsa Catherine, waɗanda suka isa Habasha a 1959, su suka buɗe asibitin yoyon fitsari na Addis Ababa a 1974. A wajenmu kuwa sunan da ya kamata kowa ya sani shi ne Dokta Kees Waaldijk, mutumin Holan. Kuturta ya zo yi wa magani a asibitin Babbar Ruga da ke Katsina a 1983. Sai ya tarar da mata masu yoyo suna zuwa neman taimako, ba su da inda za su, ya fara yi musu aiki a 1984. Ya yi wa dubban mata aiki a Katsina da cibiyar Laure ta asibitin Murtala a Kano da sauran garuruwan arewa har da Nijar, ya horar da ɗaruruwan likitoci da ma'aikatan jinya. Abin da ya bambanta shi da mai hannu kawai shi ne rubutu. Kowace mace sai ya rubuta girman ƙofar da inda take da abin da ya yi da yadda ta ƙare. Daga wannan tarin bayani ya fitar da tsarin rarrabe nau'o'in yoyon, wanda likitoci ke amfani da shi har yanzu.

Gano ciwon ba ya buƙatar wata babbar na'ura. Ana zura robar fitsari, a ɗura ruwa mai launin shuɗi a mafitsara, a haska a ga ta inda yake ɓullowa. Aikin kuma yawanci ta ƙasa ake yinsa, da allurar kashin baya, mace tana farke.

Babban abin da Katsina ta koya wa duniya shi ne batun lokaci. Littattafan likitanci na da sun ce a jira wata uku bayan haihuwa kafin a taɓa mai yoyo, sai naman ya huce. Wata ukun nan su ne mace ke rasa komai a cikinsu. Wari ya kori masu zuwa barka, a ware mata kwano da tabarma, ta daina shan ruwa don rage zuba, fitsarin ya ƙara kauri da ƙarni, cinyoyi su saɓule, miji ya ce ta je gida ta warke, daga nan takarda ta biyo baya. Waaldijk ya ƙi yarda da jiran. Duk wadda ta zo da sabon yoyo sai a sa mata robar fitsari nan take, a bar ta makonni, a sa ta shan ruwa da yawa. Mafitsara in ba ta cika ba, bakin ƙofar yana haɗuwa, ƙarama takan rufe da kanta. Wadda tata ba ta rufe ba, da zarar wurin ya yi tsabta sai a ɗinke. A 2004 ya buga sakamakon mata 1,716 a mujallar likitocin mata ta Amurka. Kusan kashi 15 cikin ɗari sun warke da roba kaɗai, ba a sa musu wuƙa ba. In aka haɗa da waɗanda aka ɗinke, fiye da kashi 95 ƙofarsu ta rufe tun a karon farko.

A tsaya a kan kashi 15 ɗin nan. Robar fitsari ba ta da tsada, kuma kowace malamar asibiti da aka horar za ta iya sa ta, ko a ƙaramin asibitin mazaɓa. Tun 2004 ake da wannan sani, amma har yau a ƙauyukanmu in mai jego ta fara jiƙa shimfiɗa, sai a ce sanyi ne ko wahalar haihuwa, a bari ta yi arba'in a gani. Kafin arba'in bakin ƙofar ya warke a buɗe, damar roba ta wuce, sai aiki.

Waaldijk yakan nanata cewa abin da ke huda mace shi ne naƙudar da ta toshe ba a yi mata aiki kan lokaci ba, ko shekarunta nawa. Binciken Zariya kuma ya nuna ƙananan yara sun fi faɗawa. Ni ban ga karo tsakanin maganganun biyu ba. Yarinya 'yar shekara 14 ta fi kusa da haɗari, wannan gaskiya ce da bai kamata uba ya toshe kunne a kanta ba. Amma na san mata masu haihuwa ta bakwai da ta takwas da yoyo ya kama, domin ɗan ya zo a gicciye, ba mota, ba likita. Wanda ya taƙaita zancen ga auren wuri kaɗai ya sauke wa gwamnati nauyin hanya da asibiti, wanda kuma ya ƙi zancen auren wurin gaba ɗaya ya bar 'yarsa a bakin rami.

Kebbi ta shiga wannan tarihi kai tsaye. Daga 21 ga Fabrairu zuwa 6 ga Maris 2005, Asusun Kula da Yawan Al'umma na Majalisar Ɗinkin Duniya da gwamnati suka shirya mako biyu na aikin yoyon fitsari a Kano da Katsina da Sakkwato da Birnin Kebbi, aka yi wa mata fiye da 500 aiki. Cibiyar Gesse da ke Birnin Kebbi tana nan don wannan ciwo. A 2015 mujallar Lancet ta buga wani gwaji da aka yi da mata 524 a ƙasashen Afirka takwas, har da Nijeriya da Nijar, wanda ya nuna cewa bayan ɗinkin yoyo mai sauƙi, barin roba kwana 7 bai gaza kwana 14 ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta karɓi wannan a 2018. Ga mai karatu a birni wannan ƙaramin abu ne. Ga wanda ya baro gona a Sharabi yana jinyar ƙanwarsa a ƙarƙashin bishiyar asibiti, yana sayen abinci da kuɗin bashi, mako guda ba wasa ba ne. Gadon da ta tashi a kai kuma wata ce za ta hau.

Yoyon fitsari na waɗanda suka tsira ne. Masu kashewa nan take su ne zubar jini da jijjiga, kuma a nan ma Kano ta yi magana. A 2008 zuwa 2009, Dokta Jamilu Tukur da abokan aikinsa suka shigar da allurar maganiziyom salfet asibitoci 10 na Jihar Kano, suka horar da ma'aikata. Mutuwar masu jijjiga ta sauko daga kusan kashi 21 cikin ɗari zuwa kashi 2 da ɗoriya. A 2023 kuma aka buga gwajin E-MOTIVE, wanda Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero ta jagoranci ɓangarensa na Nijeriya, a asibitoci 80 na ƙasashe huɗu, da mata fiye da 200,000. Matsalar da suka tunkara ita ce ido ba ya iya auna jini. Zane da katifa suna shanye shi, ma'aikaciya ta ɗauka kaɗan ne sai mace ta fara hamma da sanyin hannu. Sai suka shimfiɗa wata leda mai aljihu da ma'auni a ƙarƙashin mai haihuwa. Da jini ya kai rabin lita, a haɗa komai lokaci guda: murza mahaifa, allurar da ke sa ta tsuke, allurar tsayar da jini, ƙarin ruwa, da duba ko akwai yaga ko ragowar mabiyiya. Gano zubar jinin ya tashi daga kusan rabi zuwa kashi 93, munanan sakamako suka ragu da kashi 60.

Wani binciken kuma ya kamata masu son hoton ciki su ji shi. A 2018 aka buga sakamakon gwajin da aka yi a karkarar ƙasashe biyar, ciki har da Kongo da Kenya da Zambiya, inda aka kai na'urar hoto ƙananan asibitoci. An gano tagwaye da 'ya'yan da suka zo a gicciye, amma mutuwar iyaye da jarirai ba ta ragu ba, domin asibitocin da ake tura su ba a inganta su ba. Hoto yana faɗa maka abin da ke tafe. In mai hoto ya ce mabiyiya ta tare bakin mahaifa, ko ɗa yana zaune, amfanin kuɗin da ka biya shi ne ka kai ta kusa da ɗakin tiyata tun watan haihuwa bai tsaya ba. In abin da ka riƙe daga bakinsa shi ne namiji ne ko mace, ka yi asarar kuɗinka.

Ba zan ce tsoron da mutanenmu ke yi wa aikin ciro ɗa ba shi da tushe ba. Wani bincike da aka yi a asibitoci 183 na ƙasashen Afirka 22, aka buga a 2019, ya nuna kimanin mata 5 cikin 1,000 suna rasuwa bayan aikin, ninki 50 na ƙasashe masu arziki. Amma kashi uku cikin huɗu na ayyukan na gaggawa ne. Likita yana karɓar mace da ta galabaita, jininta ya ƙare, mahaifa ta kusa fashewa ko ta fashe. In ta cika a kan tebur, labarin da zai koma ƙauye shi ne aiki ya kashe ta. Gobe in wata ta shiga irin halin, sai a ƙara jinkiri don tsoron aiki. Haka tsoron ke ciyar da kansa. Sauran laifin kuwa na masu mulki ne: ɗakin tiyata ba wuta, ba jini a ajiye, ba mai ba da maganin barci, likita ɗaya ga ƙaramar hukuma guda.

Ƙididdigar lafiya ta ƙasa ta 2018 ta nuna kashi 3 cikin ɗari kacal na haihuwa a Kebbi ne ƙwararren ma'aikacin lafiya ya karɓa, mafi ƙaranci a duk Nijeriya. Wannan ita ce jihar da aka nuna, tun 1995, cewa ana iya rage mutuwa a asibiti fiye da ninki huɗu. Maƙwabtanmu na Benin, waɗanda muke auratayya da cin kasuwa ɗaya da su ta Segbana da Madekali, sun mai da aikin ciro ɗa kyauta tun Afrilun 2009, gwamnati tana biyan asibiti sefa 100,000 kan kowane aiki, ko da yake iyalai ba su daina kashe wasu kuɗaɗen ba. Mu sai a Nuwamban 2024 Ministan Lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya sanar da aikin kyauta ga mata marasa ƙarfi. Shiri ne mai kyau, kuma ma'auninsa a wurina ɗaya ne: a wane asibiti mafi kusa da Sharabi ake yinsa, kuma da ƙarfe biyun dare akwai likita da jini da wuta?

Sai hanya. Ƙungiyar masu binciken Sakkwato ɗin nan, ƙarƙashin Dora Shehu, ba a asibiti kaɗai ta tsaya ba. Sun shiga ƙauyukan Kebbi suka tambayi mutane me ke hana a kai mace da wuri, aka ce musu mota: ba ta samuwa sai ranar kasuwa, in ta samu direba ya ƙi ɗaukar mai jini don kada ta mutu masa a mota, in ya yarda ya tsuga kuɗi. Sai suka je tasha suka zauna da ƙungiyar direbobi, aka wayar musu da kai, aka koya musu yadda ake ɗaukar mai naƙuda, aka kafa asusun man fetur na gaggawa. Cikin shekara biyu aka kai mata 29 asibiti ta wannan hanya, ɗaya ta rasu. Asusun man ya ƙare, saboda waɗanda suka ci bashi ba su biya ba. Direbobin ba su daina ɗaukar mata ba. Wannan tsari na haɗa kai da 'yan tasha daga baya ya bazu a jihohin arewa da dama. Direbobin Kebbi na cikin waɗanda suka fara nuna yana yiwuwa, kuma bayan asusun ya ƙare, mutunci da tausayi suka riƙe shi.

Don haka maganata ga maza take, mu da izini da kuɗin mota ke hannunmu. In za ka tsallaka kasuwa ko ka tafi ci-rani ka bar mace da tsohon ciki, ka bar izini a bakin mahaifiyarka ko ƙaninka a gaban shaidu, ka bar kuɗin mai, ka bar lambar direba ko mai kwale-kwale. Ka san rukunin jininka, ka kuma shirya bayarwa. Jinin da aka ɗiba jiki yana mayar da shi. Limamanmu su faɗi wannan a kan mumbari, don an fi jin su fiye da kowace malamar asibiti. Hakimai da masu unguwanni su zauna da shugabannin tasha da 'yan kabu-kabu kamar yadda aka yi a shekarun 1990. 'Yan majalisarmu na Bagudo su tambayi ma'aikatar lafiya ledar awon jini nawa, allurar jijjiga nawa, robar fitsari nawa ke cikin ƙananan asibitocinmu a yau. Wadda aka riga aka ɗinke kuma, mijinta ya ƙaurace mata tsawon watannin da likita ya ce, cikin da zai biyo baya kuma a asibiti za a ciro shi.

Naƙudar da ta wuce sa'a 12 ba haihuwa, ko jini ya ɓalle, ko mai ciki ta ce kanta na sarawa idonta na duhu, a fita da ita a lokacin. Mai jegon da ta ga fitsari yana zubo mata ba da saninta ba, a kai ta asibiti a cikin makon a sa mata roba. Kada a jira ta yi arba'in.